Ruwan Ƙasa ko Shunayya

Duk layin makanikai, tun daga rumfar masu faci har zuwa wurin wankin mota, in ka ce Baba Waya ba wanda zai tambaye ka wanne. Ni ne. Ban taɓa zama a kan bencin makaranta ba. In ka miƙo mini takardar nan mai zanen wayoyi da ke zuwa da mota, sai dai in ƙunshe kusoshi a ciki. Amma na fi shekara hamsin ina gyaran wutar mota, kuma ban taɓa mayar da mota ga mai ita tana makanta ba. Batir ya taɓa fashe mini a fuska, ga tabon nan a haɓa. Mota ta taɓa zamewa daga kan jak ta kwanta mini a ƙirji, aka taru aka ɗaga ta, na karkaɗe riga na ƙarasa aikina. Ranar da tsohon garejinmu ya ƙone, ni na fito da akwatin kayan aikina a ka, gemuna yana hayaƙi. Sa'o'ina da muka fara tare, wasu suna ƙasa, wasu suna ƙofar gida a kan tabarma suna korar ƙuda. Ni ina nan.

Karatuna launi ne. Kowace waya a jikin mota da rigarta, kuma rigar ita ce sunanta. A tsofaffin motocin da na girma a cikinsu, ja ta ƙananan fitilu ce, shuɗiya ta manya, baƙa ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma gida. Sannan akwai masu ratsi siriri kamar gashin kai, kore mai ratsin kaza, fara mai ratsin kaza. Kallo ɗaya nake yi wa damin wayoyi guda in gaya maka daga inda kowace ta taso da inda za ta. Mutane har tsayawa suke yi su ga ikon Allah.

Yanzu garejin yana hannun babban ɗana, wanda muke kira Babba. Yaro ne mai hankali, ba don ni na haife shi ba. Yana da na'urar da ake soka wa sababbin motoci su faɗi ciwonsu da bakinsu, kuma ya iya ta. Ni kuma ina da bencina a lungun dama, da akwatina, da makullinsa a wuyana. Muna zaune lafiya har wata rana na haɗa wasu wayoyi biyu a motar wani mai ɗaukar kaya, hayaƙi ya turnuƙe. Na ce laifin masu ƙera motocin yanzu ne, da suke yin waya kamar zaren gizo. Babba bai yi mini musu ba. Ya biya mutumin haƙuri, ya gyara da kansa, daga nan sai ya fara yi mini zancen hutu. Wai na yi mai wuyar, wai jikoki suna son ganina a gida. Na san karatun. Tabarma yake nuna mini.

Ana cikin haka Kaftin ya zo. Tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, dogo, yana dogara sanda, motarsa kuma janyo ta aka yi a bayansa.

Kai, mota. Kujera biyu gare ta kacal, ga ta ƙasa-ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera, bonet dogo, baya ɗan guntu. Fitilunta na gaba a kwance suke cikin jiki, sai an kunna su ɗago kai kamar idon kwaɗo. Sitiyarin katako, ya sha hannu har yana sheƙi. An yi mata sabon fenti, ja mai duhu-duhu. Tun Kaftin yana saurayi ya saye ta, kuma ni na taɓa warware mata wata matsala lokacin Babba yana rarrafe. Masu ƙera ta sun san abin da suke yi. Ko ƙofarta ka rufe, ƙarar daban take.

Kaftin ya ce motar ta haukace. In ya taka birki sai ƙananan fitilun gaba su kama. In ya sa sigina ta hagu, duk fitilun baya sai su riƙa ƙyafta ido tare, a dusashe. Manyan fitilu kuwa, in ya ɗaga daga gajeriyar wuta zuwa doguwa, sai su ɗauke gaba ɗaya. Ya kai ta wurin wani a wata unguwa, wancan ya zare makunnin fitila, ya tsinke wayoyin bayansa, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya naɗe bakunansu da salatif ya ce a zo a ɗauka. Shi ya sa ya zo neman Baba Waya, in yana raye.

Na ce masa ina raye, kuma zan binne wasu.

Babba ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce wayoyin wannan mota babu irinsu a kasuwa, in suka ƙone shi ke nan, sai dai a ajiye ta kaji su yi ƙwai a ciki. Shi da so samu ne a ba mutumin haƙuri.

Na ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To Baba, mu yi haka. Ka yi aikin. Amma in hayaƙi ya tashi, ko ɗan kaɗan, ka ba ni makullin akwatin nan, ka koma gida."

Na ce na yarda, a gaban Mai Fenti na faɗa. Mai Fenti maƙwabcinmu ne, abokin tsokanata tun muna da baƙin gashi, kuma shi ya yi wa motar sabuwar rigarta.

Na fara da baya, don tun Kaftin yana magana na san ciwon. Wuta kamar baƙo take, in ta shiga ƙwan fitila dole ta samu ƙofar fita. Ƙofar ita ce baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. In ta tarar da ƙofar a rufe, sai ta haura katanga ta bi ta gidan maƙwabta, shi ya sa za ka taka birki fitilar gaba ta amsa. Na murɗa makullin motar, na tokare birki da sandar tsintsiya, na ɗauko ƙwan gwajina, wato ƙwan fitila da na ɗaura wa waya da ƙusa tun kafin a haifi rabin mutanen layin nan. Na dangwala ƙusar a bakin baƙar wayar, ƙwan ya yi ja. Ai ƙofar fita ba ta riƙe wuta sai in a toshe take. Na kwance notin, sai ga fenti a ƙarƙashi, mai kauri, sumul, kamar an shafa man shanu.

Na kira Mai Fenti na nuna masa. Na ce shi da fenti kamar akuya ce da shuka, duk abin da ya gani sai ya bi ta kai, wata rana zai fesa wa matarsa ya ce ta yi tsatsa. Ya ce ai shi aikinsa kyau, in mota ta yi kyau ko ba fitila mutane za su gan ta. Na kankare wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fari, na ɗaure wayar, haukar ta tsaya. Mai Fenti ya tafi yana cewa sa'a ce.

Tun da ina wurin, sai na zare mahaɗan wayoyin baya na goge kore-koren da ya kama su, na mayar da kowace gidanta da ido, yadda na saba. Na sake tokare birki, na zagaya. Jajayen fitilu ba su kama ba. Fararen fitilun ribas ne suka kama.

Wayar birki kore ce mai ratsin shunayya, ta ribas kore ce mai ratsin ruwan ƙasa, na musanya su. Kafin wani ya waigo na gyara. Sannan na jawo bakunan biyu zuwa hasken ƙofa, na kai su dab da hancina. Ratsin nan biyu iri ɗaya na gani, kamar laka. Na goge ido na sake dubawa, laka dai.

Wannan ƙaramin abu ne, fitila ce ta tona kanta. Babban aikin yana ƙarƙashin sitiyari, inda wancan mutumin ya bar wayoyi sun fi goma suna reto. A cikinsu akwai ruwan ƙasa, akwai shunayya. Shunayya ta bi ta fiyus, in aka yi kuskure fiyus ne zai mutu a madadin mota. Ruwan ƙasa kuwa daga batir take tahowa kai tsaye, zaki ce ba takunkumi. Ka sa ta inda ba gidanta ba, kafin ka ce kwabo dami ya narke. Kuma dukansu biyu suna kunna ƙwan gwaji. Ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya, ana cire fiyus ana mayarwa, amma Babba yana can yana satar kallona ta ƙarƙashin bonet, kuma ya san ubansa bai taɓa lalube ba.

Sai na ce bari in fara da makunnin, in ja lokaci. Na buɗe shi a kan benci. Ciwonsa a fili yake, duk wutar manyan fitilu ta cikinsa take bi shekara da shekaru, tagullar ta yi baƙi, robar ta ɗan narke ta janye harshen baya. Abin gyarawa ne. Ina cikin kankarewa sai wani ɗan sifirin, murɗaɗɗen ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, ya yi tsalle ya ɓace. Na durƙusa na shafa ƙasa da tafin hannu, na bi da maganaɗisu, ba abin da na samu sai ƙura da ƙusoshi. Na rufe akwati na ce kaina ke ciwo. Rabon da in bar aiki rana tana sama, tun ranar da aka haifi autarmu.

Mai ɗakina tana bakin taga, inda take zama kullum. Sana'arta kwalliyar zare ce, tana yi wa zanen gado da rigunan matashin kai furanni da tsuntsaye, mata suna zuwa daga nesa su kawo mata. Tana da wani tsohon gwangwanin biskit cike da zare, launin da ban ma san Allah ya halitta ba. Ni ina kiranta Tsohuwa, ita tana ce mini Malam, ko da yake ta fi kowa sanin ko alif ban sani ba. Ta ajiye mini abinci, na tura shi gefe. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce in miƙo mata zaren shunayya daga cikin gwangwanin.

Na zaɓa na miƙa.

Ta karɓa ta ajiye a cinyarta. Ta ce wannan ruwan ƙasa ne. Ta ce bara ma haka na yi, har na yi mata gardama. Zanen da na saya mata da hannuna, na ce ya yi mata kyau don shunayya ne, watannin baya na tambaye ta ina ta samo wannan mai kalar tukunya. Ta ce yanar ido ce ta fito mini, ita ta ga farin tun da daɗewa, tana jira ne in gaji da taurin kai.

Na ce idon da ruwan batir bai kashe ba, ba wata yana da za ta kashe shi. Na ce wuƙar likita ba ta taɓa shiga jikina ba, kuma ba za ta fara da ido ba. Daga nan, ban san yadda aka yi ba, na ba ta labarin motar da alkawarin makulli. Ta saurara har ƙarshe tana ɗinkinta.

Ta ce, "Malam, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Da wani ne ya faɗa mini, da an raba mu. Na tashi na shige ɗaki.

Washegari da hantsi ina zaune a benci ina goge abin da ba ya bukatar gogewa, sai na ji garejin ya yi tsit. Na waiga. Tsohuwa ce a ƙofa, kwanon abinci a hannu ɗaya, gwangwanin zare a ɗaya. Tun da na auro ta ba ta taɓa taka garejin nan ba, cewa take warin mai yana sa ta juwa. Babba ya rugo yana goge hannu, yana tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya lau, ubansa ne ya fita bai karya ba, kuma ta ji labarin wata mota mai idon kwaɗo, ta zo ta gani kafin ta mutu. Mai Fenti ya leƙo ya ce yau an kawo wa Baba Waya mai duba aikinsa. Ta ce masa ta ji shi ne ya rufe wa wuta ƙofa, ya koma ya ji da kunyarsa. Ya koma.

Ta zo benci ta kwance bakin gyalenta, ta fito da ɗan ƙyalle a ƙulle. Ɗan sifirin ɗin ne a ciki. A naɗin hannun rigata ta same shi da za ta yi wanki. Na miƙa hannu ta hana ni, ta ce yatsuna kamar rodi, in nuna mata gidansa kawai. Na nuna. Ta ɗauko allura ta soke shi, ta zura shi a raminsa, ta danne da farce har na rufe murfin. Na danna makunnin, ya ce ƙas, ƙas, kamar sabo.

Sannan ta ce a buɗe mata ƙofar motar. Shigarta sai da aka yi dabara, don kujerar kusan a ƙasa take. Ta ce wanda ya ƙera wannan ba shi da uwa mai ciwon gwiwa. Da ta zauna kuwa sai ta shafa fatar kujerar, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce amma wanda ya ɗinka wannan, a gaishe shi. Ni na cire kan batir, na kwanta rigingine, kaina a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje. Daga nesa, tsoho ne yana aiki matarsa tana taya shi hira.

Na jawo wayar farko na ɗaga mata. Ta goge da tsumma, ta duba, ta ce tsaya. Ta ce waɗannan duk sun koɗe, zafi ya cinye su, ko mai ido biyu lafiyayyu zai iya ruɗewa. Ta ce in warware salatif ɗin asali da ya naɗe damin, in ja baya kaɗan. Na tambaye ta dalili. Ta ce in kana son sanin launin tsohon zane ba fuskarsa ake dubawa ba, kalmasar bakinsa ake warwarewa, inda rana ba ta taɓa gani ba.

Shekara hamsin da ɗoriya ina wannan sana'a, ban taɓa bukatar wannan dabara ba, don haka ban taɓa tunaninta ba. Na warware. Ta buɗe gwangwaninta, ta jera zare a cinya, tana ɗora kowace waya kusa da 'yar'uwarta kafin ta yi magana. Ba ta gaggawa, ba ta cewa ina jin. Sai ta tabbata take faɗa, ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da labarin maƙwabta.

"Shuɗiya mai ratsin fari."

"Doguwar wuta," na ce, na soka ta a gidanta.

"Shuɗiya mai ratsin ja."

"Gajeriya."

"Ja mai ratsin kore. Koren ganyen da ya fara bushewa."

Na ce ban tambaye ta lokacin shekara ba. Ta ce kore iri nawa na sani, ita ta san goma sha. Haka muka yi ta yi, tana kiran suna ina faɗin gida. Ita ba ta san abin da ko ɗaya ke yi ba, ni ba na ganin rigar ko ɗaya. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Har na fara jin daɗi, na fara yi mata bayanin yadda wuta ke tafiya, ta ce in rage surutu in riƙe waya.

Saura biyu. Ɗaya za ta shiga makunnin, ita ce uwar wutar fitilu. Ɗayar ta ɗan ƙwan da ke haska cikin mota ce, siririyar hanya wadda ba ta jure komai. Na kama ɗaya, na ji kaurinta a yatsa, na tabbata shunayya ce. Ban ma ɗaga mata ba, na nufi gidan ƙaramin ƙwan da ita.

Ta riƙe mini hannu. "Wannan ruwan ƙasa ce."

Na ce shunayya ce, yatsana ya gaya mini, kuma yatsan nan ya girmi ɗanta. Ta ce yatsana ya ji abin da ya ji, ita ga zarenta ga wayar. Muryarmu ta ɗan tashi, ni na manta inda nake. Na ce to a gwada, a mayar da kan batir a cire fiyus, in ƙwan gwaji ya mutu ni ke da gaskiya. Na yunƙura zan fito, sai na ji murya a saman ƙafafuna.

"Kwanta, Baba. Bari in cire maka."

Babba ne. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Na ji ya ɗaura kan batir, na dangwala ƙusa a bakin wayar, ƙwan ya kama. Na ji ƙarar fitar fiyus. Ƙwan yana nan da haskensa, ko gezau.

Ruwan ƙasa ce. Na ɗauki lokaci ina kallon ɗan hasken nan. Ƙaramin ƙwan cikin motar, na riga na lura, wayarsa ta goge a jikin ƙarfen ƙofa, ina nufin naɗe ta daga baya. Da zakin nan ya bi ta wannan hanya, da Kaftin ya zo ya tarar da toka.

Babba ya sake cire kan batir. Tsohuwa ta miƙo mini ɗayar ta ce ga shunayyata. Na sa kowace a gidanta, na naɗe inda ya goge, na ɗaure makunnin, na fito ina jin ƙasusuwana suna ƙara.

Bayan azahar Kaftin ya zo. Muka ja ƙofar garejin ƙasa don a samu duhu, Mai Fenti ya shigo ba a gayyace shi ba. Tsohuwa ta ƙi fitowa, ta ce wahalar shiga ta ishe ta, sai an gama. Kaftin ya zauna kusa da ita ya murɗa makunnin. Idanun kwaɗon nan suka ɗago a hankali, tare, haske ya bugi bango. Ya ɗaga zuwa doguwa, hasken ya hau sama bai ƙyafta ba. Birki, ja biyu. Sigina ta hagu ita kaɗai, ta dama ita kaɗai. Ribas, fari. Ya buɗe ƙofa, ɗan ƙwan ciki ya haska fuskar Tsohuwa tana harhaɗa zarenta kamar ba ita ba. Kaftin ya daɗe hannunsa a kan sitiyari. Ya ce ya san in Baba Waya yana raye, motarsa ba za ta mutu ba. Na ce haka ne. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa wannan karon da hannu huɗu aka yi.

Da suka watse, na ciro makullin daga wuyana na ɗora a kan benci a gaban Babba. Na ce hayaƙi bai tashi ba, amma ya ga abin da ya gani, ni ba na cin alkawari da wayo.

Bai taɓa makullin ba. Ya ce shi a kan hayaƙi muka yi magana. Ya ce ciwon bayan motar nan, da shi ne, sai ya kwana biyu yana nema, ni kafin mutumin ya rufe baki na gano. Kaina yana nan daram, ido ne ya gaza, kuma ido ana gyara shi. Amma ba zai bar ni in taɓa waya ni kaɗai ba har sai an gyara.

Na buɗe baki zan yi zancen wuƙar likita, Tsohuwa ta riga ni.

"Zan riƙa zuwa ina duba masa," ta ce wa Babba, ba ni take kallo ba. "Amma zuwa ƙarshen wata kawai, ina da zanen gadon mutane. In bai je asibiti ba, ka karɓe makullin, ni zan shimfiɗa masa tabarmar da hannuna."

Na je. Kuma likitan da kansa ya ce bai taɓa ganin wanda ya kwanta shiru kamar ni ba, ko motsi ban yi ba. Da aka cire bandejin, abin da na fara gani gyalen Tsohuwa ne, shunayya mai kyau, irin wadda na manta akwai ta a duniya. Daga baya Kaftin ya biyo ta layinmu yana danna oda, na fita na ga motar. Ashe ba ja mai duhu ba ce. Ja ce zur, kamar garwashi. Dole na je na gaya wa Mai Fenti ya iya fenti, abin da ya fi aikin idon ciwo.

Makullin yana wuyana. Kallo ɗaya nake yi wa dami kamar da, sai dai yanzu in tsohuwar mota ta zo, nakan warware salatif in duba inda rana ba ta gani ba, kuma duk wanda ya tambaye ni inda na koyo, ina gaya masa. Kujerar da Babba ya ajiye wa uwarsa kusa da bencina tana nan, ba mai zama a kai. Takan zo wani lokaci da gwangwaninta, wai hasken ƙofar garejin ya fi na tagarta. In na ɗauki waya sai ta leƙo ta saman tabaraunta. Ni kuma sai in ɗan karkata hannu, yadda za ta gani da kyau.